Geron Baba Nata'ala

Tagar ɗakinmu tana kallon gona. Idan na faɗi haka a makaranta ƙawayena sukan yi dariya, don sun san a Agege nake, a gidan haya inda ko igiyar shanya sai an bi layi. Amma gona ce. Tana bayan gida, tsakanin katanga da lambatu. Faɗinta bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba, tsawonta kuwa kamar bas ɗin danfo ɗaya da ɗan ƙari. Mai ita Baba Nata'ala ne, wanda ke ɗakin ƙarshe shi da matarsa Inna Hansai. Gero yake shukawa. Tun ina taka bokiti kafin in leƙa tagar, har na gama jami'a na dawo ina jiran aiki, ban taɓa ganin an sha kunun geron nan ba.

Ni ba ni da yawan magana, shi kuma ba ya jiran a amsa masa, shi ya sa muka shaƙu. Nakan zauna a bakin taga ina tsince wake, shi yana tsugune yana cire ciyawa yana ba da labari, ba ya ma ɗagowa ya ga ko ina nan.

Ya zo Legas ne 'yan watanni bayan an gama yaƙin basasa, daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, a cikin taragon shanu. Aikinsa a hanya shi ne ya tsaya a tsakaninsu da sanda, kada wata ta kwanta a tattake ta. Da jirgi ya tsaya a Agege shanu suka sauka, shi ma ya sauka. A cewarsa, su aka yanka, shi aka manta. Ya kama aiki wajen masu fatu da ƙiraga, yana barbaɗa gishiri yana shanya, har bayansa ya ƙi.

Ubangidansa yana da rediyo a rumfa, kuma lokacin gwamnati ba ta gajiya da magana. An gama yaƙi, za a sasanta, za a gyara, za a gina ƙasa. Kowa yana ji yana ci gaba da abin da ke gabansa. Nata'ala kuwa, duk abin da rediyo ta faɗa gani yake da shi ake.

"Gwamnati guda ta ɓata bakinta ta yi magana," in ji shi, "kai wane ne da za ka ce ba ka ji ba?"

Da aka ce a sasanta, ya duba ya ga ba shi da abokin faɗa. Sai ya sayi goro ya tafi wurin wani Ibo mai sayar da kwanuka da bai daɗe da dawowa unguwar ba, ya ce ya zo ya yafe masa. Mutumin ya tambaye shi me ya yi masa. Ya ce ba komai, amma dai ya yafe. Mutumin ya ce ba ya son a yafe masa abin da bai yi ba. Suka yi ta yi har aka kai ga cin kwala, mutane suka raba su, sannan aka sami abin sasantawa. Abota suka yi har mutumin ya rasu, kuma Baba ya bi gawar har garinsu.

Da aka sauya hannun tuƙi ba shi da mota, ko keke ba shi da shi, amma ya koma bin dama da ƙirgi a ka, yana tsayar da masu tafiya a ƙasa yana yi musu nasiha. Da aka ce an buɗe firamare kyauta ga kowa, ya yi wanka ya tafi da gemunsa. A lokacin ana gane yaro ya isa shiga makaranta ne idan ya zagaya hannu ta saman kansa ya taɓo kunnensa. Baba ya shiga layi, ya zagaya hannu, ya wuce kunne ya kamo haɓa. Hedimasta ya ce masa hannun ya yi tsawo da yawa. Har yau yana ganin ba a yi masa adalci ba, don rediyo ba ta ambaci tsawon hannu ba.

Sai aka zo kan noma. A shekarar 1976 aka fito da shirin ciyar da ƙasa, aka ce duk wanda ke da ɗan fili, ko bayan ɗaki ne, ya shuka wani abu. Baba ya ce wani malamin gona ya zo unguwa da mota, ya raba irin masara da fartanya. Mai gidanmu na lokacin, wani Alhaji Bayarabe, ya ba shi bayan gida da baki, a gaban mutane. Masarar dai kaji ya ba wa.

"Masara abin taunawa ce a bakin hanya. An ce a ciyar da ƙasa. Da me ake ciyar da ƙasa in ba gero ba?"

Na taɓa ce masa, a hankali, ai an daɗe da rufe wannan shirin, an yi wasu a bayansa su ma an rufe. Bai ɗago ba.

"An ce a yi noma, na ji da kunnena. An dawo an ce a daina? Kullum rediyona a kunne take."

Yadda yake shukar ma abin kallo ne. A Legas ruwa kan sauka tun watan uku, kowane tsiro ya yi kore, amma Baba ba ya taɓa fartanya sai an yi ruwan shuka a ƙauyensu. Da can tashar jirgi yake zuwa ya tambayi masu rakiyar shanu. Yanzu waya yake bugawa. Za ka ga ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, lambatu ya cika yana tafe da robobi, shi kuma yana tsaye a ƙarƙashin lema yana cewa, "Har yanzu shiru? To, Allah ya kawo. Mu ma nan muna jira." Kafin labari ya zo an shiga watan shida, lokacin da ruwan Legas ya fi hauka. Rabin irin yakan bi lambatu. Sauran ya fito, ya yi tsawo yana neman rana a tsakanin katangu, ya fi mutum tsayi, ya yi ganye shar. Kai ne dai ba ya fitarwa. Idan ma ya fitar, ɗan tsurut ne kamar jelar ɓera, ya yi baƙi da danshi, tsuntsaye su zo su duba su tashi.

A ƙarshen damina yakan sare karan ya ɗaure, ya ce, "Bana ba ta yi ba." Yana faɗin haka ne kamar bara ta yi.

Tsohon Alhaji ya rasu shekarar da ta wuce, gida ya dawo hannun ɗansa Abdulgani. Ba mugu ba ne. A gidan aka haife shi, Hausarsa irin tamu ce, yana da shagon wayoyi a Ogba. Wata safiya, ba a daɗe da shuka ba, ya zagayo bayan gida da wani mutum mai igiyar awo.

"Baba, ina kwana. Yaya ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Ka taka mini shuka."

Abdulgani ya ɗaga ƙafa ya rasa inda zai ajiye ta. "Abeg Baba, ka yi haƙuri. Wurin nan nake so in sa kwantena. Shago zan buɗe, yana kallon titi."

"Mahaifinka ne ya ba ni wurin. Aikin kuma gwamnati ce ta ba ni."

"Wace gwamnatin?"

"Guda nawa ce?"

Mai awo ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Mutanen gida suka fara fitowa, wasu da buroshi a baki.

"Baba, tsakani da Allah," in ji Abdulgani, "tun ina tsirara kake noma a nan. Ko tsaba ɗaya ban taɓa gani ba. Sauro dai na gani, manya, masu lafiya."

"Noma ba gaggawa ba ne."

"To mu yi haka, ga shaidu. Idan bana ta yi, na gani da idona, na bar maka wurin iya rayuwarka. Idan ba ta yi ba, kai da kanka za ka riƙe wa mai awo bakin igiya."

Baba ya miƙe yana dafe da gwiwa, ya ce ya yarda. Aka tsayar da Juma'ar ƙarshe ta watan tara, bayan an sauko daga masallaci.

Daminar ta yi abin da ta saba. Baba ya zuba toka, ya zuba kashin awaki, ya yi shinge da tsohon gidan sauro. Gero ya tashi har ya rufe mini taga. Kullum da safe yakan bi kara ɗaya-ɗaya yana latsa samansa ko zai ji ciki. Labaran ma ya rage. Wata rana na ji ya ce, ba da ni ba, "In an karɓe, sai in riƙa tashi da safe in yi me?" Ban taɓa jin ya yi tambayar da ba ya da amsarta ba sai ranar.

Inna Hansai haifaffiyar Agege ce. Mahaifinta fataucin goro ya kawo shi, ita kuwa iyakarta arewa Ilorin, shi ma biki ya kai ta. Idan ranta ya ɓaci Yarabanci take yi. Shekara da shekaru tana tsine wa gonar nan, don haka da ta kira maƙwabciyarmu Laila mai fura tsakar gida suna ƙus-ƙus, na ɗauka murna suke yi. Ina wanki a gefe, kuma an saba mantawa da ina wuri.

"Ni ba gonar ce ta dame ni ba," in ji Inna. "Idan aka karɓe ta, ɗaki zai dawo mini, shi da rediyonsa. Kin san gwamnatin yanzu ta fi ta da surutu. Rannan aka ce a rage amfani da leda, sai da ya ƙwace mini ta cefane a bakin ƙofa, na shigo da tumatir a gyale."

"To ya za a yi, Inna?"

"Ba kai ne geron ya ƙi fitarwa ba? Mu sa masa."

Laila ta ce ita gero sana'arta ce, ta san shi ciki da waje, a jiƙe da a bushe. Ita ma dai a buhu ta san shi. Tana da ɗan uwa direba, Ɗahiru, mai kawo albasa kasuwar Mile 12. Aka buga masa waya aka ce ya taho da zangarniya, irin wadda ba a sussuka ba, mai kyau, wadda za ta cika ido. Ɗahiru bai tambayi ta mece ba. Ya tsaya wani ƙauye a hanya, ya sa aka buɗe rumbu, ya zaɓo wadda ta fi cika ido. Jar dawa ce, manyan kawuna masu nauyi. Aka shigo da ita a buhun albasa aka tura ƙarƙashin gadon Laila.

Ranar Juma'ar, maza suna fita masallaci, su biyun suka zagaya baya da kujera da almakashi da baƙin zaren kitso. Inna ta hau kujera, Laila tana miƙo mata.

"Sama yake kallo ko ƙasa?" in ji Inna.

"Abu mai nauyi ai ƙasa zai kalla. Ba ki ga ayaba ba?"

"Guda nawa ake sa wa kowane?"

"Ki sa bibbiyu. Manyan ki sa musu uku, kada a ce rowa muka yi."

Inna ta yi kitso shekaru da yawa, hannunta bai manta ba. Ɗauri take yi mai kyau, tana ɓoye zaren a bayan ganye. Ta hango ni ta tsakanin karan ta ce, "Safinatu, ke da kika yi jami'a, ya yi?" Na ce ya yi kyau. Gaskiya na faɗa. Kore da ja, kamar an yi wa gonar kwalliyar biki. Da suka gama sai da aka sami ragowa, Laila ta rataya biyu a kan shingen gidan sauro.

Aka sauko. Abdulgani ne a gaba da farin leshi, mai awo yana bayansa, sai mazan gida. Baba ne a ƙarshe, yana tafe a hankali, ya riga ya naɗe hannun riga don riƙe igiya.

Abdulgani ya sha kwana ya tsaya cak. Ya cire tabarau. Ya matsa ya ɗaga wata zangarniya a tafin hannu yana jin nauyinta.

"Ikon Allah," ya ce. Ya zaro waya ya fara ɗauka, yana zagayawa, yana magana da Yarabanci da Turanci. Yana cewa ga gonar gero a tsakiyar Agege, a gidan mahaifinsa, shi ne ya tsaya wa tsohon ya ƙarfafa masa gwiwa. Kafin Baba ya ƙaraso ya riga ya tura wa 'yan uwansa, da ƙungiyar masu gidajen haya, da abokan kasuwarsa.

Baba ya iso. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi na ƙasa, ya dubi na sama, ya dubi biyun da ke kan shinge. Sannan ya juya ya dubi ƙofar ɗakinsa, inda labule ya motsa.

"Baba, na sara maka," in ji Abdulgani. "Gona taka ce. Magana ta ƙare."

"Wannan ba nawa ba ne."

"Na'am?"

"Gero na shuka. Wannan dawa ce."

"To ai duk hatsi ne."

"Ba ta yi ba, Abdulgani. Bana ba ta yi ba. Kira mai awo."

Abdulgani ya dubi wayarsa, saƙonni suna ta shigowa. Ya yi 'yar dariya. "Baba, kai dai ba ka son yabo. Ga abu a gabanmu."

Baba ya kama kara ɗaya ya tanƙwaro shi, ya buɗe ganye ya nuna zaren. "Wannan fa?"

Abdulgani ya duba. Wayar ta sake ƙara, ya leƙa, wani yayansa ne daga London yake cewa a ajiye masa nasa.

"Tallafi ne," in ji shi. "Don kada ya karye. Haka ake yi a ƙasashen waje."

"A ina ka taɓa ganin kara ɗaya da kai uku?"

"Sabon iri ne."

"Ni na shuka shi. Irin ƙauyenmu ne."

"To ƙasar Legas ce ta karɓe shi. Baba, kada ka raina ƙasarmu."

"Shingen ma ƙasar ce ta karɓe shi?"

Mai awo ya zauna a kan bulo ya rufe fuska da hula. Daga nan gardama ta koma yadda ban taɓa gani ba. Mai gida yana rantsuwa gona ta yi albarka, manomi yana rantsuwa ba ta yi ba. Baba ya je ya ɗauko bakin igiyar da kansa ya tsaya a jikin katanga, ya ce a auna. Abdulgani ya ce wa mai awo idan ya taɓa igiyar nan ba zai biya shi ba. Baba ya ce shi ba a taɓa ba shi abu a kan ƙarya ba, ba kuma za a fara yana da furfura ba. Abdulgani ya ce shi ma ɗan halak ne, ya yi alkawari a gaban shaidu, kuma sharaɗin shi ne ya gani da idonsa, to ya gani. Ya juya ga mazan gida ya ce su faɗi abin da suka gani. Yawancinsu haifaffun nan ne. Suka ce su dai sun ga hatsi.

Mutum ɗaya ne zai iya raba gardamar, wani mahauci ɗan Katsina da ke ɗakin farko. Aka dube shi. Ya dubi Baba da igiya a hannu, ya dubi labulen da ke motsi, ya ce shi nama ya sani.

Abdulgani ya tafi da zangarniya huɗu a kujerar bayan mota. Kafin ya ja, ya sauke gilashi ya ce baɗi a ware masa kasonsa da wuri, don mutanensa sun sa rai, akwai ma waɗanda za su zo kallo.

Baba ya kwance sauran ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe zaren ya ajiye a bakin ƙofa. Ya yi kwanaki ba ya yi wa Inna magana sai ta bakina. "Safinatu, gaya wa mai kitso ruwan alwala ya ƙare." Da aka yi tuwon dawar ya ce ba zai ci ba, kayan zamba ne. Inna ta rufe ta ajiye. Da la'asar na ga kwanon a wanke.

Gonar dai tana nan. Bana ma ya jira waya daga ƙauye, ya shuka a tsakiyar ruwa, rabi ya bi lambatu. Geron ya sake rufe mini taga, kuma Abdulgani ya riga ya aiko a tuna masa ranar girbi.

Shekaranjiya Inna ta zauna a tsakar gida ta buga wa Ɗahiru waya. Ta rage murya, amma Inna ko ta rage murya ana ji daga titi. Tana cewa irin na bara, ja, mai cika ido, a ƙaro ma don baƙi za su zo. Baba yana ɗaki, rediyo tana ta bayani a kan farashin mai. Sai aka rage ƙararta.

"Safinatu."

"Na'am, Baba."

"Ni ban ce a yi komai ba, ki zama shaida."

"To, Baba."

"Amma ki gaya wa mai kitso, gero ba ja ba ne. Kai ɗaya yake yi. Kuma sama yake kallo."

Inna ta dubi ƙofar ɗakin. Sannan ta ce a wayar, "Ɗahiru, tsaya. Kana da abin rubutu?"